Yadda Ake Gina Manhajar Da Za Ta Yi Aiki A Kebbe Ko Babu Sabis

A watan Satumba na 2021 gwamnatin Jihar Sakkwato ta sanar da rufe layukan waya a ƙananan hukumomi 14 cikin 23 da jihar ke da su, don a raba 'yan bindiga da masu kai musu rahoto. Tambuwal na cikin jerin. Kafin nan da 'yan makonni an riga an rufe na Zamfara baki ɗaya. Duk manhajar da aka gina bisa zaton cewa intanet na nan kullum ta tsaya cik, sai 'yar da'irar nan da ke juyawa a allo ba ta gajiya. Ba kuma sai matsalar tsaro ba: ranar 14 ga Maris 2024 manyan wayoyin intanet na ƙarƙashin teku, irin su MainOne da WACS, suka lalace a gaɓar Afirka ta Yamma, har manhajojin bankuna a Legas suka yi ta shure-shure.

Kebbe tana can kudancin jihar, maƙwabciyar Tambuwal, ta yi iyaka da jihohin Kebbi da Zamfara. A cikin gari ana samun sabis. A ƙauye kuwa, yaro ma ya san tudun da ake hawa in ana son saƙo ya fita. Wuta in ta zo an gode, sauran lokaci sola ce da janareto. Matashin da ya koyi rubuta manhaja a Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo, ko Jami'ar Jihar Sakkwato, ko a shirin 3MTT da gwamnatin tarayya ta soma a ƙarshen 2023, zai tarar cewa yawancin darussan da ya bi a YouTube an shirya su ne don wanda intanet ɗinsa ba ya yankewa. Dole ya juya lissafin. Rashin sabis shi ne halin yau da kullum, zuwansa kuma dama ce ta 'yan mintoci da manhaja za ta yi wuf ta yi amfani da ita.

A ɗauka ƙungiyar manoma ce ta nemi a yi mata manhajar rabon taki da iri: wa ya karɓi buhu nawa, nawa ya biya, nawa ya rage a sito. Wakilai biyar ke yawo da wayoyin Tecno da itel a mazaɓu daban-daban, sakatare kuma yana zaune a Kebbe da kwamfuta.

Kafin a rubuta layi ɗaya na kod, a fara tambaya ko wani bai riga ya yi aikin ba. Idan abin da ake so tattara bayanai ne kawai, ODK ta gama magana. Manhaja ce ta buɗaɗɗen kod da aka soma a 2008 da hannun masu bincike na Jami'ar Washington, kuma ma'aikatan rigakafin shan-inna a arewa sun daɗe suna aiki da ita. Ana tsara tambayoyin a Excel, a sa shafin Hausa kusa da na Turanci, wakili ya cike fom a daji, wayar ta riƙe shi har ta samu sabis. KoboToolbox ma a kan wannan tushe take. Idan aikin na asibiti ne, DHIS2 ta Jami'ar Oslo ita ce Ma'aikatar Lafiya ta Tarayya ke tattara alƙaluman wata-wata da ita, saboda haka duk sabuwar manhajar lafiya gara ta koyi aika mata bayanai, maimakon ta kafa rumbu na daban da ba wanda zai duba. Matasa da yawa ba sa son jin wannan, domin gina sabon abu ya fi daɗi. Amma fom ɗin ODK da aka gama a yini biyu ya fi manhajar da aka yi wata shida ana alkawarinta. Sai in akwai lissafin kuɗi da bashi da ragowar kaya, irin na ƙungiyar manoman nan, sannan ginin ya zama dole.

Aikin yana farawa da Git, wanda Linus Torvalds ya rubuta a 2005 don kula da kod ɗin Linux. Abin da ya sa ya dace da Kebbe shi ne duk tarihin aikin yana kan kwamfutar mai aiki, ba ya neman intanet kafin ya adana canji. Inda wuta ke ɗaukewa ba sallama, ana adana kowane ƙaramin gyara da ya yi aiki, tare da bayani gajere da za a gane bayan wata uku. In an samu sabis sai a tura zuwa GitHub ko GitLab. In ba a samu ba, umarnin git bundle create aiki.bundle --all zai dunƙule dukan tarihin a fayil guda, a zuba a filashi, a ba abokin aiki a Dogon Daji ko Jabo, shi kuma ya kwafo daga fayil ɗin kamar yadda zai kwafo daga intanet.

Daga nan sai harhaɗawa, wato mayar da kod ya zama abin da waya za ta iya buɗewa. Ƙa'idar tsohuwa ce, tun 1976 da Stuart Feldman ya ƙirƙiro make a Bell Labs: umarni ɗaya ya isa ya harhaɗa komai. Duk matakin da ke cikin kan mutum ɗaya, ba a rubuce ba, zai ɓace ranar da mutumin ya tafi bautar ƙasa. Mai aikin Android yana da Gradle, mai JavaScript yana da npm, mai Python yana da pip. Kowannensu yana sauko da kayan da wasu suka rubuta, waɗanda ake kira laburare, kuma a nan ne tarkon yake.

Laburare yana da lambar siga mai kashi uku, misali 1.4.2. Bisa al'adar da Tom Preston-Werner ya rubuta, canjin lambar ƙarshe gyaran kuskure ne, ta tsakiya ƙari ne da ba ya ɓata na da, ta farko kuwa na nufin an sauya abin da zai iya karya aikin mai amfani. Idan fayil ɗin npm ya ce ^1.4.2, an ba shi izinin ɗauko duk sigar da ba ta kai 2.0.0 ba. Ke nan manhajar da aka harhaɗa a watan Janairu ba lallai ta zama ɗaya da wadda za a harhaɗa a watan Yuni ba, ko da ba a taɓa kod ɗin ba. Maganinsa fayil ɗin kulle: package-lock.json yana rubuta ainihin sigar kowane laburare, a adana shi cikin Git, a riƙa girkawa da npm ci maimakon npm install. A Python, pip freeze ke fitar da jerin, a ajiye shi a requirements.txt. A Android, fayil ɗin gradlew da ke cikin folda shi ke tabbatar da cewa kowa na aiki da sigar Gradle ɗaya.

Kullewa ba ta isa ba in kayan suna can wata ƙasa. A watan Maris na 2016 wani mai rubuta manhaja, Azer Koçulu, ya yi fushi da kamfanin npm ya janye laburarensa daga rumbun. A cikinsu akwai left-pad, layi 11 kacal, aikinsa cike gurbi a gefen hagu na rubutu. Cikin sa'o'i dubban ayyuka a duniya, har da manya irin su Babel, suka kasa harhaɗuwa. Abin da ya same su na rana ɗaya shi ne abin da ke samun mai aiki a Kebbe duk mako: kayan suna nesa, hanya a rufe. Don haka ranar da aka shiga Sakkwato aka samu intanet mai ƙarfi, a sauko da komai. Umarnin pip download -r requirements.txt -d kaya yana tara laburaren Python a folda, daga baya pip install --no-index --find-links kaya -r requirements.txt ya girka su ba intanet, da sharaɗin sigar Python da irin kwamfutar su zama ɗaya. Gradle yana ajiye duk abin da ya taɓa saukewa, kuma in aka ƙara masa --offline ba zai leƙa waje ba. Inda mutum uku ko huɗu ke aiki a shago ɗaya, Verdaccio a kan kwamfuta guda zai riƙe kayan npm ga kowa, a sauke sau ɗaya a raba. Tun da Hukumar NCC ta amince da ƙarin kashi 50 cikin ɗari a kuɗin kira da data a Janairun 2025, wannan ya zama maganar aljihu.

Akwai kuma wata dabara ta rage data: a bar kwamfutocin GitHub su yi harhaɗawar. GitHub Actions kyauta ne ga ayyukan da ke buɗe, masu rufaffen aiki kuma suna da minti 2,000 a wata ba biya. Mai aiki ya tura gyaran 'yan kilobait, can a sauko da laburare, a yi gwaji, a fitar da APK, wato fayil ɗin manhajar da ake sa wa waya, shi ya sauke fayil ɗaya.

Maganar APK tana da wani haɗari da ba a cika faɗa ba. A ƙauye ba ta Play Store manhaja ke yawo ba, ta Xender ce da Bluetooth, daga waya zuwa waya. Android ba zai yarda sabuwar siga ta hau kan tsohuwa ba sai an sa musu hannu da mabuɗi ɗaya. Idan fayil ɗin mabuɗin ya tafi tare da kwamfutar da aka sace, ko wadda ruwa ya shiga, wakili sai ya goge tsohuwar manhajar kafin ya sa sabuwa, gogewar kuma za ta tafi da duk rasit ɗin da bai kai ga aikawa ba. A ajiye mabuɗin a wuri biyu ko uku, ɗaya a wajen shugabannin ƙungiya, amma kada ya shiga Git.

Yanzu sai babban aikin, wato yadda waya ke magana da babbar kwamfutar da ke riƙe bayanan kowa, wadda masu sana'ar ke kira saba. Hanyar maganar ita ce API: adireshi da ƙa'idojin da aka yarda a kai, waya ta aika buƙata, saba ta mayar da amsa tare da lamba. Manhajar birni tana aika buƙatar nan take, ta jira amsa kafin ta ce wa mutum an gama. Ta Kebbe ba haka za ta yi ba. In wakili ya danna cewa manomi ya karɓi buhu biyu, a rubuta a rumbun da ke cikin wayar tukuna, a nuna masa rasit, sannan a sa saƙon a layin jiran fita. SQLite, wanda Richard Hipp ya fitar a 2000, yana cikin kowace wayar Android, shi ne rumbun. WorkManager kuma shi ke jira har sabis ya dawo ya kwashe layin. Sai dai wayoyi masu araha suna yawan kashe manhajar da ke aiki a ɓoye don tattalin batir, saboda haka a sa maɓalli babba na "Aika yanzu", da ƙidayar saƙonnin da suka rage a layi, wakili ya gani da idonsa. Wannan tsari ba sabo ba ne a arewa. Ƙungiyar eHealth Africa, wadda aka kafa a 2009 kuma take da babban ofishi a Kano, ta yi aiki da CouchDB da PouchDB wajen gina manhajojin da ke aiki ba intanet lokacin annobar Ebola ta 2014.

Duk wanda ya tsaya a layin mai POS a farkon 2023, lokacin ƙarancin takardun naira, ya san kukan "an cire mini kuɗi amma bai shiga ba". Ga yadda irin wannan ke faruwa a ƙaramar manhaja. Waya ta aika saƙo, saba ta karɓa ta rubuta, amma kafin amsa ta dawo sabis ya yanke. Wayar ba ta da hanyar sanin ko saƙon ya isa, sai ta sake aikawa, buhu biyu suka zama huɗu a littafi. Gyaran yana da sauƙi in an yi shi tun farko. Wayar ce za ta ƙirƙiri lambar shaida ta musamman, UUID, ga kowace mu'amala tun lokacin da aka danna maɓalli, lambar kuma ta bi saƙon duk sau nawa aka aika shi. Saba in ta ga lambar da ta taɓa gani, ba za ta sake rubutawa ba, sai ta maimaita amsar farko. Kamfanin Stripe na Amurka haka yake kare biyan kuɗi daga ninkuwa. Da wannan a ƙasa, waya na iya aikawa sau goma hankali kwance.

Sake aikawar ma tana da ladabi. In amsa ta zo da lamba 500 ko 503, matsalar ta saba ce, a jira daƙiƙa ɗaya, sannan biyu, huɗu, takwas, ana ninkawa, tare da ɗan bambanci tsakanin wayoyi don kada dukansu su afka wa saba a lokaci guda in sabis ya dawo gari. Lamba 429 na nufin an cika matsa mata, a sassauta. Amma 400 ko 404 na nufin saƙon ne da kansa ba daidai ba, ko sau dubu aka aika ba zai shiga ba. A ware shi gefe, a nuna wa mutum, kada ya toshe na bayansa. Lamba 401 kuwa izinin shiga ne ya ƙare. Manhajar da ke korar wakili ta ce ya sake shiga da intanet alhali yana tsakiyar gona ta ci amanarsa, don haka a bar shi ya ci gaba da rubutu a waya, a nemi izinin lokacin aikawa kawai.

Abin da ya fi rikita sababbin magina shi ne karo. Wakilai biyu sun raba taki daga sito ɗaya, kowa ba sabis. Wayar farko ta ce saura buhu 40, ta biyu ta ce saura 35. Wace ce gaskiya? Babu ko ɗaya. Kuskuren shi ne aika ragowa. Ɗan kasuwar da ke riƙe littafin bashi ba ya goge jimla ya rubuta sabuwa, yana ƙara layi ne: wane ya karɓi kaza, wane ya biya kaza, jimla kuma a fitar da ita daga layukan. Haka manhajar za ta yi. Kowace waya ta aika abin da ya faru, "an fitar da 10", "an fitar da 15", saba ta yi lissafi: daga 50, saura 25. Abubuwan da ba sa haɗuwa ta lissafi, kamar mutum biyu su gyara lambar wayar manomi ɗaya, a ajiye duka biyun a bar sakatare ya zaɓa, kamar yadda CouchDB ke yi. Kada kuma a ce wanda agogonsa ya fi gaba shi ya yi nasara. Wayar da batirinta ya mutu ƙurmus tana iya tashi da kwanan watan wata shekara. A rubuta lokacin waya da lokacin da saba ta karɓa, a ajiye su a ma'aunin UTC, a nuna wa mutane da agogon Najeriya, wanda ke gaba da awa ɗaya.

Kuɗi a ajiye shi da kobo, lamba cikakkiya ba ɗigo. A JavaScript da Python, 0.1 da 0.2 in an haɗa suna ba da 0.30000000000000004, kuma irin wannan ɓurɓushi in ya taru sai an zargi ma'aji da abin da bai ci ba. Paystack, wanda Shola Akinlade da Ezra Olubi suka kafa a 2015 kuma Stripe ya saya a 2020, da kobo yake karɓar adadi: naira 5,000 ana aika ta a matsayin 500000. Wanda ya manta ya aika 5000 ya sayar da kaya naira 50. In an haɗa biyan kuɗi ta intanet, mabuɗin sirri mai farawa da sk_live yana zama a saba kaɗai, domin APK ana iya buɗe shi a karanta cikinsa. Saba ce kuma za ta tambayi Paystack ko kuɗin ya shiga da gaske. Hoton alat da aka turo ta WhatsApp ba shaida ba ne.

Saura ƙananan abubuwa da ke rage nauyi: a matse amsa da gzip, a aiko da jeri shafi-shafi, waya ta nemi abin da ya canza tun zuwanta na ƙarshe kawai, hotuna a rage girmansu a aika su bayan rubutu. A sa lambar siga a adireshi, kamar /v1/, kuma kada a cire wani fili daga amsa don kawai sabuwar manhaja ba ta buƙatarsa. Tsohuwar siga za ta yi watanni a wayar wani a Kuchi.

Akwai matsalolin da littattafan waje ba su sani ba, domin na Hausa ne. Sunaye irin su Sa'adu, Mu'azu da Rabi'atu suna ɗauke da alamar da harshen SQL ke rufe rubutu da ita. Manhajar da ke liƙa suna kai tsaye cikin umarnin rumbu za ta faɗi ranar da Mu'azu ya zo rajista, kuma ta wannan ƙofar ce ɓarawon bayanai ke shiga. A yi amfani da umarni mai gurbi, inda ake miƙa suna daban da umarnin. Duk laburaren rumbu na kirki yana da shi. Haruffa masu ƙugiya, ɓ da ɗ da ƙ, suna buƙatar UTF-8 tun daga waya har rumbu har fayil ɗin da sakatare zai buɗe a Excel, in ba haka ba Ɗanladi ya koma alamar tambaya. Wajen bincike kuma, wanda ya rubuta Danladi yana sa ran ya ga Ɗanladi. Dabarar da ke cire ɗigo daga kan wasullan Faransanci ba ta taɓa waɗannan haruffa, domin a Unicode kowannensu harafi ne mai zaman kansa. Sai an rubuta ɗan jadawali da hannu, a ajiye sunan yadda yake, a ajiye kwafi marar ƙugiya don bincike.

Saƙon SMS yana da nasa lissafin. Saƙo ɗaya yana ɗaukar harafi 160 in duka na Turanci ne. Harafi mai ƙugiya ɗaya tak ya shiga, ma'aunin ya faɗo zuwa 70, in kuma saƙon ya rabu gida-gida, kowane gida 67. Sanarwar rabon taki mai harafi 150 da ƙ ɗaya a ciki ta zama saƙo uku, a ninka da manoma 800 a ga kuɗin. Shawara ita ce a rubuta Hausa daidai a cikin manhaja, a SMS kuma a zaɓi kalmomin da ba su da ƙugiya inda ya yiwu, a cire ta inda ma'ana ba za ta rikice ba.

Wurare kuma a ba su lamba, kada a dogara da suna. Harafi ɗaya ne tsakanin Kebbe da Kebbi, Tambuwal kuma wasu takardu Tambawal suke rubutawa. Lambar waya, NIN da BVN a ajiye su a matsayin rubutu, domin in an ɗauke su lamba, sifirin farko zai ɓace.

Zaɓen laburare yana son sanyin zuciya. Kafin a ɗauko, a duba yaushe aka gyara shi na ƙarshe, mutum nawa ke kula da shi, wasu laburare nawa yake janyowa a bayansa, kuma nawa zai ƙara wa nauyin APK da za a tura ta Bluetooth. A karanta lasisi. MIT, BSD da Apache 2.0 sun yarda a sa kayan a manhajar sayarwa in an bar sanarwar masu shi. GPL ta ce in an raba manhajar da aka gina da kayanta, a ba da kod ɗin ƙarƙashin lasisi iri ɗaya, AGPL kuma ta faɗaɗa sharaɗin har ga manhajar da ake amfani da ita ta intanet.

Sai dai kulle siga yana da farashi, domin yana kulle ɓaraka tare da kaya. A Disambar 2021 aka gano rami a Log4j, laburaren Java da ke rubuta rahoton abin da manhaja ke yi, ramin da ke ba baƙo damar sarrafa saba da ɗan rubutu kaɗan, kuma kamfanoni da yawa ba su ma san yana cikin kayansu ba, wani laburare ne ya janyo shi. A ƙarshen Maris 2024 Andres Freund, injiniya a Microsoft, ya lura shiga wata kwamfutarsa ya ƙara jinkirin kusan rabin daƙiƙa. Da ya bi sawu sai ya tarar an dasa ƙofar baya a XZ Utils, sigogi 5.6.0 da 5.6.1, ta hannun wani da ya yi shekara biyu yana taimakon aikin har aka amince masa. Darasin biyu ne masu jan juna: kada a zauna a tsohuwar siga har abada, kada kuma a ruga ga wadda ta fito jiya. Abin da ke aiki shi ne a ware rana ɗaya a wata, ranar da ake da intanet mai kyau, a gudanar da npm audit ko pip-audit, a sabunta abin da ke da ɓaraka, a yi gwaji, a sake kullewa, a sake cika foldar kaya.

Sunayen manoma da lambobinsu da bashinsu amana ce, yanzu kuma doka ce. Dokar Kare Bayanai ta Najeriya da aka sa wa hannu a Yunin 2023 ta kafa hukumar NDPC, ta kuma wajabta sanar da ita cikin awa 72 in bayanai suka fita ta hanyar da za ta cutar da masu su. A yankin da jerin masu kuɗi da adireshinsu ke iya jawo wa mutum baƙin dare, abin ya wuce tara. Kada a tambayi abin da ba a buƙata. Rumbun da ke waya a kulle shi da SQLCipher, kowane wakili ya ga mutanen mazaɓarsa kawai. Saba ta yi magana ta HTTPS. Let's Encrypt na ba da takardar shaida kyauta, sai dai wayoyin da Android ɗinsu bai kai 7.1.1 ba ba su san ta ba, don haka a duba wayoyin wakilai kafin a tura su daji.

Gwajin ƙarshe ba a kwamfutar mai gini ake yin sa ba. A samo waya mafi rauni cikin na wakilai, mai ƙwaƙwalwar gigabait ɗaya ko biyu. A rubuta rasit 20 ba sabis, a kunna data, a kashe ta a tsakiyar aikawa, a kashe wayar gaba ɗaya, a kunna, a sake aikawa, sannan a ƙirga a saba: 20 ake nema, ba 19 ba, ba 23 ba. A sauya kwanan watan wayar zuwa bara a maimaita. A yi wa Sa'adu da Ɗanladi rajista, a neme su da ƙugiya da babu. Bayan haka a ɗauki filashi mai ɗauke da kod, foldar kaya da fayil ɗin README da ke bayyana matakai da Hausa, a miƙa wa wani matashi da bai taɓa ganin aikin ba, a kashe masa intanet, a ce ya fitar da APK. Duk inda ya tsaya ya yi tambaya, a rubuta amsar a README, a ba mutum na gaba ya sake gwadawa.